Sukur: Ƙauyen manoma a jerin wuraren tarihi na duniya

A can saman duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, akwai wani ƙauyen manoma da ake kira Sukur, wanda sai da ƙafa ake hawa a isa gare shi.

Ƙauyen ba wani babba ba ne, kuma noman dawa da gero mutanensa suka dogara a kai, kamar sauran maƙwabtansu.

Amma a shekarar 1999, shi ne wuri na farko a Najeriya da Hukumar raya ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Abin da ya jawo masa wannan matsayi dai aikin hannun manoman ne: gonaki hawa-hawa da aka tokare da duwatsu a jikin tsauni, da hanyoyin da aka shimfiɗe da falalen dutse, da fadar sarkinsu wanda suke kira Hidi, da kuma kufan wuraren narka tama, waɗanda a da suka wadata wani babban yanki na ƙasar Borno da ƙarfe.

Inda Sukur take

Duwatsun Mandara sun miƙe ne tsawon kimanin kilomita 200 a kan iyakar Najeriya da Kamaru, daga kusa da kogin Binuwai a kudu, zuwa yankin Gwoza da Mora a arewa.

Sukur tana ɓangaren Najeriya, a kan wani tudu mai faɗi wanda tsayinsa ya haura mita 1,000 daga doron teku, kuma 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninta da kan iyaka.

Daga Yola, babban birnin jihar, tafiyar kimanin kilomita 290 ce a mota, ta hanyar Gombi da Michika zuwa Gulak, hedkwatar ƙaramar hukumar. Mota kan tsaya a gindin dutse, daga nan kuma sai tafiyar ƙasa, wadda kan ɗauki baƙo sa'a guda ko fiye.

A yau garin kashi biyu ne, kuma da sunayen Hausa aka san su: Sukur Sama, wato tsohon mazaunin da ke kan dutse, da Sukur Ƙasa, wato ƙauyukan da waɗanda suka sauko suka kafa a fili.

Hanyoyin da suka haɗa sassan biyu suna daga cikin abubuwan da suka fi ba baƙi mamaki. An jera manyan falalen duwatsu ne ɗaya bayan ɗaya, a wuraren da hawan ya yi tsanani kuma aka mai da su matakala. A wasu wuraren faɗin hanyar ya kai mita biyar.

Mutanen Sukur da harshensu

Mutanen wannan ƙauye suna kiran kansu da garinsu da harshensu Sakun. Sunan Sukur, ko Sugur, shi ne wanda maƙwabta da matafiya suka yaɗa, har ya shiga takardun hukuma.

Masana harsuna sun sanya Sakun cikin dangin harsunan Chadi, wato dangi ɗaya da Hausa. Sai dai Hausa tana reshen yamma ne, yayin da Sakun yake reshen tsakiya tare da Margi da Bura da Kamwe da Mafa da Mandara. Dangantakar ta yi nisa ƙwarai, ta yadda Bahaushe ba zai fahimci maganarsu ba.

A farkon shekarun 1990 an ƙiyasta masu magana da harshen da kimanin mutum dubu 15. Da yawa daga cikinsu suna jin Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa a yankin.

Al'ummar ta ƙunshi zuriyoyi da dama, kowace da labarin inda kakanninta suka taso. Zuriyar da ke riƙe da sarauta ita ce Dur, wadda aka yi imanin ta kafu a kan mulki tun ƙarni na 17. Tarihin baka yana danganta asalinta da Gudur, wani tsohon gari mai alfarma a wajen mazauna duwatsun, wanda yanzu yake cikin Kamaru.

Ta fuskar addini kuwa, akwai Kiristoci da Musulmi da masu bin addinin gargajiya, kuma ba abin mamaki ba ne a same su cikin dangi guda.

Noma a jikin tsauni

Babbar matsalar mai noma a kan dutse ita ce ruwan sama. Damina a wannan yanki takan kama daga wajajen watan Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan yakan zo da ƙarfi. Idan ba a tare shi ba, sai ya kwashe ƙasar noma ya gangara da ita kwari, ya bar manomi da tsurar dutse.

Dabarar da mutanen Sukur suka gada ita ce tsince duwatsun da ke cikin gona, a jera su a kwance a jikin gangare, layi bisa layi, ba tare da laka ko siminti ba.

Kowane jeri yana rage gudun ruwa. Ƙasar da ruwan ya ɗauko sai ta taru a bayan jerin, a hankali ta cike wurin ya zama wani ɗan fili mai laushi. Ruwan kuma, maimakon ya wuce, sai ya nutse ya zauna a ƙasa, shuka ta samu danshi ko da an yi 'yan kwanaki ba a yi ruwa ba.

Da haka ne gangaren tsauni ya koma tamkar matakalar bene, tun daga kwari har zuwa sama.

Galibin waɗannan filaye ƙanana ne, garmar shanu ba ta shiga. Da fartanya ake yin komai. Ana shuka dawa da gero da wake da gyaɗa, daga baya kuma masara ta samu shiga. A wasu sassan duwatsun Mandara, kamar ƙasar Mafa, akan yi karɓa-karɓa ne, shekarar dawa daban, shekarar gero daban, domin a hutar da ƙasa a kuma rage ƙwari.

Aikin ba ya ƙarewa. Kowace shekara kafin faɗuwar damina, sai magidanci da iyalinsa sun bi jerin duwatsun gonarsu sun ɗora waɗanda suka zube. Gonar da aka bari shekaru kaɗan ba gyara, ruwa yakan fasa ta, ɓarnar kuma ta shafi gonar da ke ƙasa da ita.

Wasu daga cikin gonakin suna da matsayi na musamman a al'adar garin, domin a cikinsu akwai itatuwa da duwatsun da ake girmamawa, inda ake gudanar da al'adun da suka shafi shuka da girbi.

Gida da rumbu da turke

Gidan mutumin Sukur tarin ɗakuna ne masu siffar da'ira, waɗanda aka gina da dutse da laka, aka yi musu jinka, aka kuma kewaye su da katangar dutse. A cikin gida akwai rumbuna, a kusa kuma akwai masussuka, inda ake sussukar hatsi bayan girbi.

Wani abin da ya bambanta gidajen shi ne ɗakin sa. Akan haƙa rami ne a gina shi da dutse, a yi masa rufi, a sa ɗan maraƙi a ciki. A nan ake kai masa ciyawa da ruwa har ya girma ya yi ƙiba.

Wannan kiwon turke yana da amfani biyu. Na farko, dabba ba ta yawo balle ta shiga gona ko ta rushe jerin duwatsu. Na biyu kuma, takin yana taruwa wuri guda, a kwashe shi a kai gona tare da tokar murhu.

Sa kuma dukiya ce da alamar rufin asirin magidanci. Yana shiga cikin sha'anin aure, ana kuma yanka shi a manyan bukukuwa a raba naman ga dangi da surukai.

Rijiyoyin garin ma da dutse aka gina su, aka kewaye su da katanga saboda dabbobi. Haka nan kowace zuriya tana da maƙabartarta a cikin duwatsu, in ban da sarakuna, waɗanda ake binnewa a harabar fada.

Fadar Hidi

Fadar Hidi ita ce cibiyar garin. Babban gida ne da aka kewaye da ganuwar dutse zalla, mai ƙofofi da lunguna da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse. A ciki akwai ɗakunan sarki, da kufan ɗakunan matan sarakunan da suka gabata, da rumbuna, da turken sa.

A ƙofar fadar akwai wani fili da ake kira Patla, inda jama'a ke taruwa domin bukukuwa da shawarwari. Kusa da shi kuma akwai wurin da sarki ke zama da dattawa domin yin shari'a.

Tatsuniyar garin tana cewa wasu ƙattai biyu, Fula da Deve, su ne suka ɗauko manyan duwatsun da aka yi ginin da su. Masu binciken tarihi kuwa suna ganin aikin gayya ne na jama'a, wanda aka yi ta ƙarawa a tsawon zamanai. Har yanzu gyaran fada da na hanyoyi nauyi ne da ke kan unguwannin garin.

Hidi ba ya mulki shi kaɗai. Yana da masu riƙe da sarautu daga zuriyoyi daban-daban, wasu na harkar mulki, wasu na al'adun gargajiya. Sunayen wasu sarautun, irin su Wakili da Midala, suna nuna daɗaɗɗiyar cuɗanya da Barebari da Fulani.

Zamanin ƙarfe

Ƙasar Borno fili ce mai yashi da laka, mai yawan jama'a da dawaki, amma tana da ƙarancin tama. Duwatsun Mandara kuwa suna da ita. Wannan shi ne tushen arzikin Sukur na tsawon ƙarnoni.

Tamar Sukur ba haƙo ta ake yi daga rami ba. Baƙin yashi ne mai nauyi wanda ruwan sama ke wankowa daga jikin duwatsu ya tara a cikin rafuka. Akan kwaso shi a wanke, a rairaye, har sai baƙin zalla ya rage.

Daga nan sai a tanadi gawayi mai yawa. Murhun narkawar da laka ake gina shi a jikin gangare, kuma yana da wata siffa da aka san yankin Mandara da ita: wani dogon bututun laka ne ake sakowa daga sama zuwa cikin murhun, mai zuga kuma ya zauna a bisa yana aiki da zugazugai, iska na gangarawa ƙasa zuwa tsakiyar wuta.

Bayan sa'o'i ana zuba tama da gawayi, sai a buɗe murhun a ciro dunƙulen ƙarfe, a farfasa shi a raba shi da kashin maƙera.

A yawancin al'ummun yankin, narka tama sana'a ce ta wasu gidaje kawai. A Sukur kuwa kusan kowane gidan manomi yana shiga aikin da rani, bayan an gama girbi. Ƙira ce kaɗai aka keɓe wa zuriyar maƙera, waɗanda ke aure a tsakaninsu, matansu kuma su ne magina tukwane.

Maƙeran su ne ke buga ƙarfen ya zama 'yan sanduna, waɗanda ake ƙera fartanya da gatari da mashi da su. Waɗannan sanduna sun yi aiki a matsayin kuɗi a kasuwannin yankin, ana kuma biyan dukiyar aure da su.

Fatake daga Borno da sauran wurare sukan hau dutsen domin sayen ƙarfe a kasuwar Sukur, su kuma kawo gishiri da busasshen kifi da tufafi da dabbobi.

Wannan sana'a ta durƙushe ne a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da ƙarfen Turai da tarkacen motoci suka cika kasuwanni a kan farashi mai rahusa. Zuwa wajajen 1960 narka tama ta kusa ƙarewa. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Hamo Sassoon, ya shaida yadda ake aikin, ya kuma wallafa bayaninsa a 1964.

Wane irin sarki ne Hidi?

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya ji labarin Sukur a kan hanyarsa ta zuwa Yola a 1851. Bai hau dutsen ba, amma ya rubuta abin da abokan tafiyarsa suka gaya masa, cewa akwai wani sarki mai ƙarfi a can wanda sarakunan duwatsun ke girmamawa.

Jami'an mulkin mallaka na Ingila da suka zo daga baya sun ɗora a kan wannan labari. Da suka ga ganuwa da hanyoyin dutse, sai suka ɗauka cewa kufan wata babbar daula ce ta mayaƙa, wadda ake ɗaukar sarkinta tamkar abin bauta.

Sai dai binciken da Nicholas David da Judith Sterner na Jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada suka gudanar a garin a shekarun 1990 ya zo da wata fahimta ta daban.

A ganinsu, babu wata hujja da ke nuna cewa Sukur ta taɓa mallakar babbar rundunar yaƙi, ko ta ci maƙwabtanta da yaƙi. Ƙarfin Hidi ya samo asali ne daga kasuwar ƙarfe. Shi ne ke ƙulla zumunci da ƙauyukan da ake samo tama da gawayi daga gare su, shi ne ke ba fatake kariya, shi ne kuma ke sasanta rigingimu domin kada ciniki ya tsaya.

Bisa wannan fahimta, hanyoyin dutsen sun taimaka wajen hawa da saukar kaya da mutane da dabbobi, baya ga nuna martabar sarki. Kuma da kasuwar ƙarfe ta mutu, sai tasirin Hidi a kan maƙwabta ya ragu, garin ya koma ga noma kaɗai.

Hamman Yaji da zuwan Turawa

Zaman kan dutse yana da nasaba da tsaro. Tsawon ƙarnoni, mazauna duwatsun Mandara sun sha fama da hare-haren neman bayi daga daulolin da ke fili, wato Borno da Mandara, daga baya kuma sarakunan Fulani na Adamawa.

Mafi munin lokaci a tarihin Sukur na baya-bayan nan shi ne zamanin Hamman Yaji, wanda Jamusawa suka naɗa sarautar Madagali a 1902, lokacin da yankin yake cikin Kamarun Jamus.

Hamman Yaji ya bar wani kundi da ba kasafai ake samun irinsa ba. Daga 1912 zuwa 1927 ya riƙa sa magatakardansa yana rubuta masa abubuwan da suka faru da Larabci, ciki har da hare-haren da dakarunsa suka kai, da yawan mutane da shanun da aka kama.

Masanan da suka yi nazarin kundin sun ƙirga kimanin mutum dubu biyu da aka kama cikin shekaru tara. Sunan Sukur ya fito a ciki sau da dama, kuma tarihin bakan garin yana cewa an kashe wani Hidi a wannan zamani, jama'a da yawa kuma suka watse.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yankin ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana. A 1927 Turawan suka tuɓe Hamman Yaji suka kama shi, bisa dalilan da suka haɗa da alaƙarsa da 'yan Mahadiyya, ya kuma rasu a 1929. An wallafa fassarar kundin nasa da Turanci a 1995.

A ƙuri'ar raba gardama ta 1961, Arewacin Kamaru na Ingila ya zaɓi haɗewa da Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Ta haka ne Sukur ta zama cikin Najeriya, yayin da wasu maƙwabtanta na kusa suke cikin Kamaru.

Samuwar zaman lafiya ta sa mutane suka fara saukowa fili, inda gona ta fi faɗi, kuma kasuwa da makaranta da asibiti suka fi kusa.

Bukukuwan shekara

Kalandar gargajiya ta Sukur tana tafiya ne da aikin gona, kuma masu sarautun gargajiya ne ke sanar da lokacin kowane biki.

Daga cikin manyan bukukuwan akwai Zoku, wanda ake yi a ƙarshen damina domin tunawa da magabata da tsarkake gari. Akwai Yawal, wanda ake yi da rani domin girmama Hidi da zuriyarsa. Akwai kuma Ber, bikin shigar samari cikin sahun manya, wanda ake yi bayan shekara biyu-biyu.

Ko da yake da yawa daga cikin jama'ar sun karɓi Kiristanci ko Musulunci, bukukuwan sun ci gaba da zama lokacin da 'yan asalin garin mazauna fili da birane ke hawa dutse domin ganawa da dangi.

Shiga jerin UNESCO

Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare wuraren tarihi na duniya ta 1972 tun a shekarar 1974, amma sai da aka shafe shekaru 25 kafin ta samu wuri na farko a jerin.

Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa ce ta shirya takardun neman, tare da gwamnatin jihar Adamawa, wadda ta ba wurin kariyar doka a 1997, da kuma amincewar Hidi da dattawansa.

Kwamitin UNESCO ya amince da buƙatar a taronsa na birnin Marrakesh na ƙasar Maroko, a ƙarshen 1999. Wurin da aka keɓe ya kai kimanin hekta 764, da wani yankin kariya na kimanin hekta 1,178 a kewayensa.

An karɓi Sukur ne a wani rukuni da ya shafi wuraren da aikin ɗan Adam da yanayin ƙasa suka haɗu suka zama abu guda, kuma ita ce ta farko a nahiyar Afirka a wannan rukuni. Kwamitin ya yi la'akari da cewa tsarin amfani da ƙasa a wurin ya daɗe bai sauya ba, kuma al'adar da ta haife shi tana nan da ranta.

A 2005 ne Najeriya ta samu wuri na biyu, wato kurmin Osun da ke Osogbo. A 2025 kuma UNESCO ta karɓi kufan gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy, a ɓangaren Kamaru na duwatsun Mandara.

Harin 2014

A watan Agustan 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Gwoza, wadda ke maƙwabtaka da Madagali. Cikin makonni kaɗan Madagali da Gulak da Michika suka faɗa hannunsu, sannan Mubi a watan Oktoba.

Kamar yadda kakanninsu suka saba yi, jama'a da dama daga fili sun hau duwatsu domin neman mafaka.

A watan Disambar shekarar maharan suka hau Sukur. Sun ƙona gidaje da rumbuna da wasu sassan fadar Hidi, suka lalata kayayyakin gargajiya, suka kuma kwashe dabbobi da abinci.

Wuta ta cinye jinka da itace da hatsi, amma katangun dutse da hanyoyi da gonakin sun tsira. Bayan da sojoji suka ƙwato yankin a 2015, jama'a sun koma sun sake rufa ɗakunansu, aka kuma gyara sassan fadar da taimakon hukumar gidajen tarihi da UNESCO.

A 2018 ƙungiyar World Monuments Fund mai cibiya a birnin New York ta sanya Sukur cikin jerin wuraren da ke buƙatar kulawar gaggawa. A 2024 kuma gwamnatin Amurka ta sanya hannu kan wata yarjejeniya da Najeriya, ta tallafin dala miliyan ɗaya da rabi, domin adana bayanai da gyaran wurin.

Ƙalubalen da ke gaba

Rashin tsaro ya tsayar da zuwan masu yawon buɗe ido da masu bincike na tsawon shekaru, abin da ya hana garin cin moriyar sunan da ya yi.

Sauyin yanayi ma abin damuwa ne. A 2021 masana da wakilan al'ummar sun yi taro a Yola domin auna barazanar da fari da ƙaruwar zafi da ruwan sama mai ƙarfi ke yi wa wurin. Ƙarancin ciyawar jinka kuma yana sa wasu magidanta komawa ga rufin kwano, wanda ke sauya kamannin garin.

Sai dai babbar tambayar ita ce ta mutane. Matasa suna sauka fili da birane domin karatu da neman aiki, kuma babu wanda zai ga laifinsu, ganin cewa mara lafiya ko mai naƙuda a Sukur Sama sai an sauko da shi a kan hanyar dutse kafin a kai ga mota.

Hukumomi suna fuskantar zaɓi mai wuya. Kai hanyar mota da gine-ginen zamani saman dutsen zai iya ɓata abin da aka karrama wurin dominsa. Barin jama'a ba ruwan sha da makaranta da asibiti kuwa zai ƙara korar su zuwa ƙasa.

Gonakin Sukur da hanyoyinta da fadarta duk suna buƙatar gyara kowace shekara, kuma manoman da ke zaune a kan dutsen ne kaɗai ke yin wannan aiki. Saboda haka makomar wurin ta rataya ne a kan ko 'ya'yansu za su ga dalilin ci gaba da zama da noma a can.

Muhimman shekaru

Ƙarni na 17: Kafuwar zuriyar Dur a kan sarautar Sukur.

1851: Heinrich Barth ya rubuta labarin Sukur a kan hanyarsa ta zuwa Yola.

1902: Jamusawa sun naɗa Hamman Yaji sarautar Madagali.

1927: Turawan Ingila sun tuɓe Hamman Yaji.

Wajajen 1960: Sana'ar narka tama ta kusa ƙarewa.

1961: Arewacin Kamaru na Ingila ya haɗe da Najeriya.

1991: An ƙirƙiro jihar Adamawa daga tsohuwar jihar Gongola.

1999: UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

2014: Mayaƙan Boko Haram sun kai hari garin.

2018: An sanya Sukur cikin jerin World Monuments Fund.

2024: Amurka da Najeriya sun ƙulla yarjejeniyar tallafin gyaran wurin.